Darasin Korona Daga Garin Potiskum

Ya kai ɗalibi, idan ka taɓa zuwa Potiskum a Jihar Yobe ranar Laraba, ka ga kasuwar shanu, wadda take cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma. Fatake suna zuwa daga nesa, manyan motoci suna ɗaukar dabbobi zuwa kudancin Nijeriya. Ana gaisawa hannu da hannu, ana ciniki kafaɗa da kafaɗa. Wannan cunkoso shi ne arzikin garin, amma a lokacin annoba shi ne kuma hanyar da cuta take bi.

An fara samun cutar korona a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020, a Legas. Ranar 11 ga Maris, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ta a matsayin annobar da ta game duniya. Nan da nan aka rufe makarantu, gidajen rediyo suka yi ta shela: a wanke hannu da sabulu, a rufe baki da hanci da takunkumi, a guji taro. Da wuya ka sami wanda bai ji wannan saƙo ba. To, me ya sa da yawa daga cikinmu ba mu yi aiki da shi ba?

A ganina, dalilin farko shi ne jita-jita. Wasu suka ce cutar masu kuɗi ce, masu yawo a jirgin sama. Wasu suka ce zafin ranarmu zai kashe ta. Gaskiya kuwa ita ce ƙwayar cutar tana fita ne ta numfashi da tari da atishawa, kuma ba ta tambayar abin da ke aljihun mutum. Mai ɗauke da ita yana iya jin kansa garau, amma ya kai wa kakarsa ita har ɗaki.

Dalili na biyu shi ne neman abinci, kuma bai kamata mu raina shi ba. Ɗan dako da mai sayar da ƙosai ba za su iya zama a gida ba, domin abin da suka samu yau shi iyalinsu za su ci yau. Duk da haka, wanda ya fita nema yana iya sa takunkumi, ya gaisa da baki, ya wanke hannu kafin ya taɓa yara. Waɗannan ba su da tsada.

Dalili na uku shi ne rashin yarda. Mutum yakan karɓi magana daga bakin wanda ya sani, cikin harshen da yake ji sosai. Tarihin cutar shan-inna ya nuna mana haka. A 2003 an dakatar da allurarta a Kano saboda zargi, cutar ta sake bazuwa. Da sarakuna da malamai suka shiga aikin, iyaye suka amince, har a watan Agusta na 2020 aka tabbatar da kawar da nau'inta na asali daga Afirka.

A nan ne aikinka yake, ɗalibi. Kana koyon Hausa, kana kuma da harshen gida, ko Karekare ne, ko Ngizim, ko Bolanci, ko Yarabanci, ko Ibo. Idan ka ji sanarwar likitoci, ka fassara wa iyayenka cikin ladabi. Idan labari ya zo maka ta waya, ka bincika kafin ka tura wa wani. Ka kuma fara aikatawa da kanka, domin gani ya kori ji.

Korona ta lafa, amma kwalara da sanƙarau suna dawowa lokaci zuwa lokaci. Kada ka jira sai ciwo ya shigo gidanku. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.