Zeljko Obradovic: Gwanin da ya fara da durƙusawa

Makonni kaɗan da suka wuce na je yi wa wani dattijon malaminmu bankwana, ranar da yake kwashe kayansa daga ofis bayan ya yi ritaya. Na tarar da shi daga shi sai direbansa, suna ta jera littattafai a cikin kwalaye. Da na tambaye shi ko wa ya bar wa binciken da bai kammala ba, sai ya yi murmushi ya ce, "Ai babu wanda ya tambaya." Na fito jikina a sanyaye, domin ni ma ina cikin waɗanda ba su tambaya ba.

Tun daga ranar labarin wani mutumin ƙasar Sabiya yake ta dawo mini a rai, wato Zeljko Obradovic, tsohon ɗan wasan ƙwallon kwando da ya zama koci. Na san mai karatu zai ce, me ya haɗa kifi da kaska? A yi mini haƙuri a biyo ni, za a ga mahaɗar.

An haifi Obradovic ranar 9 ga Maris, 1960, a garin Cacak, zamanin da Sabiya take cikin tarayyar Yugoslabiya. Bahaushe ba zai sha wahalar kiran sunan garin ba, domin yadda muke karanta harafin "c" haka su ma suke furta shi a nan. Ya fara wasa a ƙungiyar garinsu mai suna Borac, sannan a 1984 ya koma Partizan da ke birnin Belgrade. A ƙwallon kwando kowane ɓangare mutum biyar ne a fili, shi kuwa aikinsa shi ne tsara wasa da rarraba ƙwallo. Yana cikin tawagar Yugoslabiya da ta sami lambar azurfa a wasannin Olamfik na Seoul a 1988, da wadda ta ci kofin duniya a Ajantina a 1990. Rayuwarsa ba ta rasa tabo ba. A tsakanin waɗannan nasarori biyu ya yi zaman gidan yari saboda wani hatsarin mota da ya yi, wanda ya jawo asarar rai. Bayan ya fito ne ya dawo fili.

A 1991, yana da shekara 31, yana cikin shirin tafiya gasar ƙasashen Turai a birnin Rum tare da tawagar ƙasarsa, sai Dragan Kicanovic, wani tsohon gwanin wasan da ke jan ragamar harkar wasanni a Partizan, ya yi masa tayin zama kocin ƙungiyar. Ya karɓa, ya ajiye rigar wasa. Tawagar ta tafi ba shi, ta kuma ciyo zinare. Shi kuwa ya wayi gari yana shugabantar mutanen da jiya-jiya suke zuba gumi tare, alhali bai taɓa riƙe wata babbar ƙungiya ba.

Lokacin ma ba na daɗi ba ne. A shekarar ce Yugoslabiya ta fara wargajewa, yaƙi ya ɓarke. Hukumar ƙwallon kwando ta duniya ta hana ƙungiyoyin ƙasar karɓar baƙi a gida a gasar zakarun Turai, dole Partizan ta mayar da garin Fuenlabrada, a gefen Madrid ta ƙasar Sifaniya, ya zama gidanta. Manyan taurarinta sun riga sun watse: Vlade Divac ya tafi Amurka tun 1989, Zarko Paspalj ya koma Girka. Waɗanda suka rage samari ne, jagororinsu su ne Aleksandar Djordjevic mai shekara 24 da Predrag Danilovic wanda bai cika 22 ba a farkon kakar.

A nan ne mahaɗar da na yi alkawari take. Sabon kocin bai shiga wannan daji shi kaɗai ba. An ajiye masa wani dattijo a matsayin mashawarci, Aleksandar Nikolic, wanda duk ƙasar ke kira Farfesa. Laƙabin ba na ado ba ne, domin malami ne a tsangayar nazarin wasanni ta Jami'ar Belgrade. An haife shi a 1924. Shi ya ci wa ƙungiyar Varese ta Italiya kofin zakarun Turai sau uku, a 1970 da 1972 da 1973, shi kuma ya jagoranci Yugoslabiya ta ci kofin Turai a 1977 da na duniya a birnin Manila a 1978. Wani matashin da aka naɗa shugaba zai ɗauki zaman irin wannan mutum a gefensa a matsayin raini, ko alamar ba a yarda da shi ba. Obradovic ya ɗauke shi makaranta. Ya saurara, ya yi tambaya, ya bari aka yi masa gyara. Har bayan ya zarce malamin nasa a yawan kofuna, bai daina ambatonsa a matsayin wanda ya koya masa sana'a ba.

Ranar 16 ga Afrilu, 1992, Partizan ta kai wasan ƙarshe a Istanbul, ta haɗu da Joventut ta Sifaniya. Saura daƙiƙoƙi kaɗan a tashi, Joventut na gaba da maki 70 da 68. Djordjevic ya ɗauki ƙwallo ya ruga, ya jefa daga bayan layin nesa, inda jifa ɗaya ke da maki uku. Ta faɗa kwando, aka tashi 71 da 70. Ƙungiyar da ba ta da gida, ƙarƙashin kocin da bai cika shekara guda a aiki ba, ta zama zakarar Turai. Ba ta ma sami damar kare kofin ba, saboda takunkumin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙaƙaba wa ƙasar a watan Mayun shekarar.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai a ce sa'a ce. Amma Joventut ɗin da ya doke ta ɗauke shi aiki, ya ci mata kofin a 1994. Ya koma Real Madrid ya ci a 1995. Ya yi shekara 13 a Panathinaikos ta Girka, daga 1999 zuwa 2012, ya ci sau biyar: 2000, 2002, 2007, 2009 da 2011. Sannan a 2017 ya ci wa Fenerbahce, karo na farko ke nan da wata ƙungiyar Turkiyya ta ɗaga wannan kofi. Jimilla sau tara, da ƙungiyoyi biyar, a ƙasashe huɗu. A wannan wasa na 2017, wanda aka zaɓa gwarzon zagayen ƙarshe shi ne Ekpe Udoh, ɗan asalin Nijeriya da daga baya ya buga wa ƙasarmu. A ɓangaren tawagar ƙasa kuma, ya kai Yugoslabiya wasan ƙarshe na Olamfik a Atlanta a 1996, inda Amurka, wadda Hakeem Olajuwon ke cikinta, ta doke su. Ya ci kofin Turai a 1997 da na duniya a Athens a 1998. A 2021 ya koma Partizan, inda ya faro.

Ba na so in mayar da shi waliyyi. Mutum ne mai zafin rai, wanda duk mai kallon wasanninsa ya saba ganin fuskarsa ta yi jajir yana daka wa 'yan wasa tsawa a bainar jama'a. Wannan hali ba abin koyi ba ne ga malamin aji, kuma mu da muka sha irinsa mun san ba kowane ɗalibi ke jure masa ba. Haka nan ya taɓa faɗuwa mummunar faɗuwa. A 2005 ƙasarsa, wadda a lokacin ake kira Sabiya da Montenegro, ita ta karɓi baƙuncin gasar ƙasashen Turai, tawagarta cike da taurarin da ke wasa a Amurka da manyan ƙungiyoyin Turai. Faransa ta fitar da su a birnin Novi Sad tun kafin a kai zagayen ƙungiyoyi takwas. Obradovic ya ajiye aiki, ya kuma fito fili ya bayyana wa 'yan jarida cewa girman kai da rashin jituwar 'yan wasan ne suka kashe tawagar.

A ganina wannan faɗuwa ita ce ta cika darasin. Koci ɗaya ne a 1992 da 2005, kuma na 2005 ya fi sani da gogewa nesa ba kusa ba. Abin da ya bambanta shi ne kunnuwan da ke gabansa. Samarin 1992 sun san ba su da komai, saboda haka suka saurara, kamar yadda shi ma yake sauraron Farfesa. Taurarin 2005 kowa na ganin ya riga ya isa. Ilimi kamar ruwa yake, gangare yake bi, ba ya hawa tudu.

Sai kuma a dubi abin da ya fito daga hannunsa, domin a nan ake gane malamin ƙwarai. Dimitris Itoudis ɗan Girka ya yi masa mataimaki tsawon shekara 13 ɗin nan a Panathinaikos. A 2016 su biyun suka haɗu a wasan ƙarshe a Berlin, Itoudis da CSKA ta Mosko, shi da Fenerbahce, almajiri ya kayar da malaminsa. Itoudis ya sake cin kofin a 2019. Djordjevic, mai jifan nan na Istanbul, ya zama kocin Sabiya ya kai ta wasan ƙarshe na kofin duniya a 2014 da na Olamfik a 2016. Sarunas Jasikevicius ɗan Lituweniya, wanda ya yi wasa a ƙarƙashinsa a Girka, shi ya ci wa Fenerbahce kofinta na biyu a 2025. Nikolic ya rasu a 2000, amma jikokinsa a sana'a suna nan suna aiki. Sabiya ba ta kai mutum miliyan bakwai ba, wato ba ta kama ƙafar jihar Kano a yawan jama'a ba, duk da haka ana kiran sunanta a duk inda ake wannan wasa. Tsawon jiki kaɗai ba zai bayyana wannan ba, dogaye suna ko'ina. Silsilar malami da almajiri ce ba a bari ta yanke ba.

Mu kuwa ba baƙin wannan tsari ba ne. A zaurukan karatu na ƙasar Hausa, almajiri kan shekara da shekaru gaban malami ɗaya, yana ɗaukar littafi bayan littafi, har a ba shi izini, kuma duk inda ya je yakan faɗi daga wa ya ɗauka. Haka maƙeri da majemi da ɗan koli suke tasowa. Abin mamaki, a jami'a, inda ya kamata wannan ɗabi'a ta fi ƙarfi, nan take neman mutuwa. Da yawanmu da zarar an kira mu Dakta sai mu ga tambaya ta zama abin kunya. Mu riƙa ƙirga maƙalu saboda ƙarin girma, ba mu damu da wanda zai duba mana su da idon gyara ba. Su ma dattawan ba su kuɓuta ba. Akwai masu riƙe sani kamar asirin gado, akwai masu mayar da ɗalibin digiri na uku ɗan aike, har ya gama bai taɓa zama da su awa guda a kan aikinsa ba. Na san za a kawo hujjar ƙarancin albashi da cunkoson ɗalibai da yajin aiki, kuma duk gaskiya ne. Sai dai Partizan ta 1992 ko filin kanta ba ta da shi, ƙasarta kuma tana ci da wuta. Zama gaban malami ba ya jiran kasafin kuɗi.

Hausawa sun ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle durƙusa wa wanda ya fi ka. Shawarata ga abokan aikina matasa, da ni kaina, ita ce kowa ya nemi dattijo guda a fanninsa, ya kai masa rubutunsa kafin ya kai wa mujalla, ya kuma daure wa jan biro. Ga sassan jami'o'inmu kuma, kada ritayar farfesa ta zama ranar rufe ƙofa. A bar masa kujera a taron ƙara wa juna sani, a haɗa shi da sababbin malamai, kamar yadda aka haɗa Nikolic da Obradovic. Ɗalibai su ma su lura da wanda suke koyi da shi, ko shi yana da wanda yake saurara.

Ni dai na kira dattijon nan a waya. Mun yi da shi zan riƙa zuwa gidansa kowace Asabar bayan la'asar, mu buɗe kwalayen nan ɗaya bayan ɗaya. Allah Ya ba mu ikon tambaya tun masu amsawa suna raye. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.