Kafin ka sayi lasifika, kunnenka ne alƙali

A satin da ya gabata wani ƙanena mai shagon tura waƙoƙi da wa'azi cikin salula a Sabon Garin Maraɗi ya kira ni in ga sabbin lasifikan da ya sayo wa kwamfutarsa, waɗanda talakawan gari ke kira bafal. Jikka 35 ya zuba, kuɗin da ya yi wata huɗu yana tarawa. A jikin kwalin an rubuta "3000 W PMPO". Da ya kunna, sai gangar ta rinƙa dukan ƙirji, amma muryar mawaƙin kamar daga cikin rijiya take fitowa. Ya dube ni ya ce: "Yaya, ina laifin yake?" Amsar da na ba shi ita ce zan maimaita a nan, domin na san ba shi kaɗai ba ne.

Da farko, wannan lamba ta PMPO ba ta da wani ma'auni da masana'antu suka amince da shi. Ado ne na ƴan kasuwa. Lambar da za a dogara da ita ita ce ta RMS. In ba a rubuta ta ba, juya akwatin ka karanta yawan wutar da yake ja. Na ƙanena wat 25 yake ja, kuma abin da ya sha 25 ba zai ɗore yana ba da 3000 ba. Haka nan kafar USB 2.0 ta kwamfuta wat 2 da rabi kacal take bayarwa, saboda haka duk ƙaramar lasifikar da ke shan wuta daga nan, aka ce tana da ɗaruruwan wat, ƙarya ce tsagwaronta. A ɗaki ko shago, wat 10 zuwa 20 na gaskiya a kowane gefe sun wadatar.

Na biyu, a fahimci aikin na'urar da ake kira DAC. Kwamfuta ba ta ajiye sauti sai a matsayin alƙaluma. A faifan CD, wanda Philips da Sony suka fito da shi a 1982, ana auna sauti sau 44.100 cikin daƙiƙa guda, abin da ya isa ya ɗauke duk abin da kunnen ɗan Adam ke ji, daga girgiza 20 zuwa 20.000 a daƙiƙa. Aikin DAC shi ne mayar da waɗannan alƙaluma su koma wutar da ke motsa lasifika. Kowace kwamfuta da kowace salula tana da nata a ciki. Sai dai na cikin tsohuwar kwamfuta yana zaune kusa da fanka da akwatin wuta, shi ya sa ake jin wani tsaki ko ƙugi a ƙarƙashin waƙa. In kana jin haka, ƙaramin DAC na waje da ake soka wa a USB yakan yi magani, kuma mai arha ma ya isa. In ba ka jin komai, riƙe kuɗinka.

Na uku, DAC ba ya gyara ɓataccen sauti. Waƙar da aka matse, aka tura ta WhatsApp hannu goma, ta riga ta zube a hanya. Tuwon da aka tuƙa da ruɓaɓɓen gari, ko a akushin sarki aka zuba shi, ɗanɗanonsa ɗaya.

To, yaya za a yi zaɓi? Tafi kasuwa da waƙar da ka sani kamar yunwar cikinka. Ni nakan gwada da muryar marigayi Sa'adu Bori, ɗan garin nan, da kalangun Mamman Shata, da kuntigin Ɗan Maraya Jos. Ka sa mai shago ya rage sauti, domin a ƙasa-ƙasa ake gane ta ƙwarai. In kalmomi sun fito sarai, kuma ka bambanta kowane kiɗa da ɗan'uwansa, saya. Ɗaga akwatin ka ji: na katako mai nauyi ya fi na roba mai kwaramniya.

In ka kai gida, kada ka cusa su a lungu, nan ne ganga ke kumbura ta danne murya. Janye su kaɗan daga bango, ka ɗaga su daidai kunne, tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai da wadda ke tsakaninka da kowace. Sannan ka tanadi na'urar daidaita wuta. Wutarmu da ke zuwa ta layin Katsina takan hau ta sauka, kuma ba mu manta yadda aka yanke ta a watan Agusta na 2023 ba, lokacin da masu shaguna daga Tsibiri har Jiratawa suka koma kan janareta. Wutar ƙaramin janareta ba ta da tabbas, takan ƙone kayan sauti. A lokacin buɗa kuma, rufe su da ƙyalle saboda ƙura.

Ƙanena bai samu mayar da kayansa ba, domin ciniki ya riga ya faɗa. Mun dai fitar da su daga lungu, mun rage ganga, muryar ta ɗan fito. Jikka 35 kuwa sun tafi. Ku kada ku bari kwali ya yi muku ciniki.

Sai sati mai zuwa, in Allah ya kai mu.