Haƙƙin Ma'aikaci a Kwangilar Hanya

Duk hanyar da aka shimfiɗa da dukiyar baitulmali, tun daga tsakuwar da aka zuba a ƙarƙashinta har kwaltar da aka malala a bisanta, mallakar jama'a ce baki ɗaya, domin kuwa sa'ad da ake karɓar harajin da za a biya ɗan kwangila da shi ba a tambayi kowa launin fatarsa ko addininsa ba. Saboda haka, a ganina, wanda ya karɓi irin wannan aiki ya zama mai riƙon amana, ba shi da hurumin keɓe guraben aikin ga danginsa da waɗanda ransa ya kwanta da su, kamar dai katangar gidansa yake ginawa. Mutanen Amurka sun daɗe suna jayayya a kan wannan mas'ala, kuma yadda ta kaya tsakaninsu ya cancanci a yi masa nazari.

A shekarar 1956 Shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar gina manyan hanyoyi masu tsawon mil 41,000 don haɗa jihohin ƙasar. Da yawa daga cikinsu suka ratsa tsakiyar unguwannin baƙar fata, irin su Rondo a birnin St. Paul da Overtown a Miyami, aka rushe gidaje da shaguna da majami'u, alhali kuwa mutanen da aka tasa ba safai suke samun komai a aikin ba sai leburanci, don sana'o'in da ke da albashi mai kauri suna hannun ƙungiyoyin ma'aikata waɗanda uba ke shigar da ɗansa, kawu ya shigar da ɗan 'yar'uwarsa. Dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta haramta wariya wajen ɗaukar ma'aikata. Shekara guda bayan haka Shugaba Johnson ya ba da umurni mai lamba 11246 a kan 'yan kwangilar gwamnatin tarayya, aka ƙara mata a cikinsa a 1967, sannan dokar hanyoyi ta 1968 ta shar'anta wa kowace jiha cewa sai ta ba da tabbacin adalci ga masu neman aiki kafin a amince mata da kuɗin hanya.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda suka sauko da wannan hukunci daga littafin doka zuwa bakin kwalbati. Akwai wata takarda mai lamba 1273 da aka saba cusawa cikin kowace kwangilar hanya da tarayya ta sa wa kuɗi, wadda ta wajabta wa ɗan kwangila ya naɗa jami'i guda wanda alhakin lamarin ke wuyansa, ya tara helmominsa da duk masu ikon ɗauka da sallama aƙalla sau ɗaya cikin wata shida a tuna musu sharuɗɗan, ya liƙa sanarwa inda mai neman aiki zai gani, ya adana bayanan ma'aikata har shekara uku bayan an gama biyansa, kuma kowane watan Yuli ya kawo lissafin mutanensa, sana'a bayan sana'a: nawa ne ke tuƙin gireda da katafila, nawa ne kafintoci da masu ɗaurin rodi, nawa ne leburori, mata nawa ne a kowane rukuni. Hikimar rarraba lissafin ba a ɓoye take ba. Mai wayo yana iya cika fili da masu shebur daga kowace ƙabila ya ce ya yi adalci, amma da zarar an duba wa ke kan injin, asirinsa ya tonu.

Masu suka suna da hujjarsu, kuma ban raina ta ba. Sukan ce gada ba ta san sassauci ba, gwani take bukata, kuma yawan takardu yana cin lokaci da dukiya. To, amma ba a haihuwar kowa da gwanintar tuƙin gireda, koya ake yi, kuma wanda aka hana shi zama almajirin sana'a shekara da shekaru zalunci ne a dawo a ce ai bai iya ba. Shi ya sa aka haɗa sharaɗin da shirin koyar da sana'a a bakin aiki. Duk da haka takarda kaɗai ba ta yin aiki in babu mai bin diddigi, don tun 1978 aka ƙudurta cewa mata su kai kashi 6.9 cikin 100 na sa'o'in aikin gini a kwangilolin tarayya, har yau kuwa adadinsu a sana'o'in gini na ƙasar bai kai nan ba.

A watan Janairu na 2025 Shugaba Trump ya soke umurnin 1965, bisa hujjar cewa cancanta kaɗai ya kamata a duba. Alƙalami guda ya kafa shi, alƙalami guda ya kawar da shi bayan kusan shekara sittin, amma dokokin 1964 da 1968 suna nan, tun da majalisa ce ta yi su, ita kaɗai ke iya shafe su.

Mu a Nijeriya, sashe na 14 na tsarin mulkin 1999 ya yi umurni da a raba muƙaman gwamnati tsakanin sassan ƙasa, sai dai hankalinmu ya tafi ga kujerun ofis, mun bar dubban guraben da kwangilar hanya ke buɗewa. Matafiyi kuwa yakan ga samarin ƙauyen da hanya ta cinye gonakinsu tsaye cikin ƙura da jar tuta a hannu, aiki ya ƙare ba su koyi ko walda ba. Ina roƙon 'yan majalisa su sanya sharaɗin cikin dokar ba da kwangila ita kanta, a fayyace almajirai nawa ɗan kwangila zai koyar da kuma a wace sana'a, injiniyan gwamnati kuma kada ya sa hannu a takardar biya sai ya ga sunayensu ya kuma gan su a kan injin.