Irin Shuka Daban, Na Tukunya Daban

Mai karatu, idan kana da ɗan lambu a bayan gida, ina ba ka shawara ka riƙa ajiye irin kusbara da shammar da hannunka. Sauƙin aljihu yana cikin dalilaina, amma lafiyar iyalinka ce kan gaba.

Waɗannan tsirrai dangin karas ne, su da kammun da yansun, kuma furensu kan buɗe kamar laima. Ƙwayar da ake shukawa ita ce dai wadda ake dakawa a yaji ko a dafa a sha saboda kumburin ciki, kuma a nan haɗarin yake. Irin da ake sayarwa cikin fakiti ko gwangwani domin shuka galibi an shafe shi da maganin fumfuna ko na ƙwari, an rina shi ja, kore ko shuɗi domin gargaɗi. Wanki yana iya fitar da launin ya bar gubar. A ƙasar Iraƙi, tsakanin 1971 da 1972, mutane sun yi burodi da irin alkama da aka shafe da sinadarin makyuri. An kwantar da fiye da 6,000 a asibiti, fiye da 400 suka rasu.

Ajiye naka irin abu ne mai sauƙi. Ka ƙyale tsirrai mafi lafiya su yi fure, kada ka yi musu feshi. Idan kawunan sun bushe sun koma ruwan ƙasa, ka yanke su, ka shanya a inuwa mai iska, sannan ka murje ka sheƙe. Ka zuba a ambulan ko busasshiyar kwalba, ka rubuta suna da shekara. Leda tana riƙe danshi, danshi kuwa shi ke kawo fumfuna, kuma duk ƙwayar da ta yi fumfuna sai zubarwa.

Wani zai ce na kamfani ya fi yabanya. A kan karas yana da hujja, domin yawancin nau'o'insa sai sun sha sanyi suke fure a shekara ta biyu, kuma irin da aka haɗa aure ba ya haifar da kamarsa. To, ka sayi irin karas, amma ka ɓoye ragowar nesa da kicin da hannun yara. Kusbara kuwa tana ba da iri cikin wata uku zuwa huɗu.

Kada ka tsinko ƙwayar wani tsiron daji domin furensa ya yi kama da na shammar, saboda a wannan dangi akwai masu kisa, kamar hemlok. Mai juna biyu ta tsaya a kan ɗan abin da ake sa wa girki, jaririn da bai kai wata 6 ba kuma nonon uwa ya ishe shi, ba ya buƙatar ruwan yansun. Idan wani ya ci rinannen iri, kada a jira alamu: a kai shi asibiti tare da fakitin, domin likita ya ga sunan maganin.