A Ware Wa Guragu Wurinsu Tun Ran Gini

Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, babura da adaidaita sahu masu aiki da lantarki suka soma shigowa Kano. Nan gaba kaɗan za a buƙaci wuraren cajinsu a bakin kasuwanni, har da tamu ta Ƙofar Wambai, inda ko mai lafiya sai ya kutsa kafin ya wuce.

Ni a ganina, duk inda za a kafa irin wannan wuri, a fara ware wa guragu filin ajiye abin hawa, domin da yawansu da babur mai ƙafa uku suke fita neman abinci. Filin ya kasance a bakin ƙofa, mai faɗin da keken guragu zai juya, ba matakala, ba buɗaɗɗiyar kwata. Wayar caji kuwa a sauko da ita inda hannun mutumin da ke zaune zai kai.

Dokar naƙasassu da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2019 ta ba da shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a, wa'adin kuwa ya cika. Tun ran gini ran zane. In siminti ya bushe, gyara sai da rushewa.