Yawan ɓarin ciki a Nguru da Gashuwa: Ina binciken ƙwayoyin hanji ya dosa?

A gidaje da dama na Nguru da Gashuwa, idan mace ta yi ɓari sau biyu ko uku a jere, akan ɗora laifin kan iska, ko sammu, ko kishiya, wani lokacin ma auren ya mutu.

Mujallar Lancet ta ƙiyasta a 2021 cewa ciki miliyan 23 ke zubewa duk shekara a duniya. A kusan rabin matan da ɓari ke maimaita musu, likitoci ba sa gano musabbabi. Wannan giɓi ne ya karkata hankalin masana zuwa ga ƙwayoyin bakteriyar da ke zaune a hanji. Suna ganin idan daidaiton ƙwayoyin ya rushe, kumburi kan ƙaru, garkuwar jiki kuma ta ƙi karɓar ɗan tayi. Zuwa yanzu dai alaƙa aka gani, ba a tabbatar su ne sanadi ba.

Duk da haka, akwai darasi ga Abuja. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta da ake saye a kemis ba tare da takardar likita ba suna hallaka ƙwayoyin hanji masu amfani, don haka sayar da su na buƙatar sa ido.

Abin da ya fi gaggawa shi ne sanannun musabbabai: zazzaɓin cizon sauro, ciwon sukari da tunjere. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin lafiya a matakin farko. Idan kuɗin suka isa ɗakunan awon ciki na karkara, za a gano waɗannan cututtuka tun kafin mace ta kai ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru tana zubar da jini.