Kafin Ka Lafta Banish

Wannan makon ni aka ɗora wa rubutun, kuma zan ja ku zuwa teburin masu haɗa ƙananan samfurori, don a can na kwashi kashina a hannu.

A shekarar ƙarshe ta difloma aka ce kowa ya haɗa samfurin gidan da ya zana, a ma'aunin 1:100, wato santimita ɗaya a kwali tana madadin mita ɗaya a ƙasa. Na yi makonni a ɗakinmu na Babban Giji ina yanka, ina mannawa, ina fenti. Tagogi da ƙofofi na buga su a siraran sitika na liƙa. Daren ƙarshe na karɓo banish wajen wani kafinta a Tarauni, na lafta da burushi, na kwanta ina jin babu kamata. Da gari ya waye kowace taga ta yi fari-fari a gefe kamar an zagaye ta da alli, biyu sun tattare, ga ƙurar hunturu ta zauna daram a rufin.

Na ɗora wa kafinta laifi, alhali nawa ne. Daga baya na bi bayanan masu haɗa ƙananan jirage da motoci na Airfix a Ingila da Tamiya a Japan, na tarar sun daɗe da sanin wannan ciwo. Fentin da ba ya sheƙi, ko da ido ya ga kamar sumul yake, cike yake da ƙananan ramuka. In ka ɗora sitika a kansa, iska tana maƙalewa a ramukan, haske ya bugi wurin ya dawo fari kamar azurfa. Kana zuba banish a kai ka kulle iskar ke nan har abada.

Shi ya sa su ba sa barin man sheƙi sai ƙarshe. Tun kafin sitika suke fesa shi siriri, ya cike ramukan, ya bushe. Sannan a ɗora sitika, a bi ta da auduga daga tsakiya zuwa gefe ana korar iska da ruwa. In wani ƙulli ya ƙi, a huda shi da tsinin allura a danne. A bar ta ta kwana. Sai a sake feshi, kaɗan-kaɗan, sau biyu ko uku, har gefen sitikar ya nutse a daina ganin inda ta tsaya. A ƙarshe ma da yawansu man da ke kashe sheƙi suke bi da shi, domin jirgin yaƙi ko bangon gida na gaske ba ya ƙyalli kamar faranti.

Irin man ma da magana. Mai tina yana da zafi, yana iya cin sitika ko ya narkar da farin soso, shi ya tattare mini tagogi. Na kafintoci mai mai yana komawa rawaya in ya daɗe. Mai ruwa ya fi sauƙin kai. Lokaci kuma ba a raina shi: hunturu ƙura, a watan Agusta kuma laima tana sa man ya yi hazo.

To, me ya haɗa mu da wannan? Ra'ayina shi ne mu mutanen sheƙi ne, kuma muna saurin kai hannu gare shi. Ku tsaya a Gyaɗi-Gyaɗi ku kalli bayan A Daidaita Sahu: wata sitikar ta shekara tana nan kamar da ita aka ƙera keken, wata kuwa wata guda bakinta ya ɗaga ya cika da ƙasa, don an manna ta a kan datti. Haka littattafanmu na intanet. An yi bango mai ɗaukar ido, an yi talla a WhatsApp, an sa farashi, amma ka buɗe shafin farko ka ga "ya yi" an haɗe, "kasa" da "ƙasa" duk ɗaya, jarumar da take aji uku a babi na biyu ta zama likita a na huɗu ba bayani. Karin maganar da muke liƙawa don ado ma sitika ce. In labarin da ke ƙarƙashinta bai kwanta ba, mai karatu yana hango gefenta fari tas, ya san manna ta aka yi.

Wani zai ce masu karatu ba sa jira, kullum sai an saki sabon shafi ko su watse. Gaskiya ne, ni ma na taɓa bin wannan layi. Amma abin da aka tura ya shiga wayoyi ɗari ba ya dawowa gyara, kamar iskar nan da banish ya rufe.

Samfurin nawa kuwa, sai da na sa sanfefa na kankare bango huɗu, na sake fenti, na sake buga tagogi, na miƙa a makare aka rage mini maki. Taga ɗaya ta bayan kicin ban kankare ba, don lokaci ya ƙure, kuma ita malamin ya fara ɗora wa yatsa.